Kaya Sun Fita, Labari Bai Dawo Ba

A bangon siton da muke haya a Ƙafin Maiyaki akwai wani farin allo da na saya da kuɗin aljihuna. Duk ranar Litinin da safe nakan goge shi, in rubuta sunayen mutum shida da ke ƙarƙashina, in jera su daga wanda ya fi kowa fitar da kaya zuwa wanda ya zo na kashin baya. Na ga ana yin haka a hedikwatar kamfanin kayan noma da nake wa aiki, na kuma ji a wajen wata bita cewa gasa tana zaburar da mai sayarwa. Ta kuwa zaburar. A watanni ukun farko na damina mun fitar da maganin ciyawa da ingantaccen irin masara fiye da adadin da aka yanka mana, har aka kira ni ta waya aka yi mini barka. A watan Disamba na wannan shekarar, a ƙarƙashin allon nan, na tsaya ina ƙirga katan-katan ɗin da diloli suka dawo mana da su, wasu rana ta koɗar da rubutunsu, wasu saura 'yan watanni wa'adinsu ya ƙare. Waɗannan ma su ne masu kirki. Sauran ba su dawo da kaya ba, ba su kuma kawo kuɗi ba.

Tun daga ranar nake juya tambayar da duk mai riƙe da masu sayar da kaya yake yi wa kansa: me ke sa wata tawaga ta yi zarra shekara da shekaru, wata kuma ta yi tashin gishirin Andurus? Na ji amsoshi da yawa a ɗakunan taro, daga zaɓen masu zaƙin baki zuwa ƙara kamasho. Wadda na tsaya a kanta ba a ɗakin taro na same ta ba. Ƙarfin tawaga yana tafiya ne da saurin da mummunan labari yake yi daga bakin kasuwa zuwa kunnen mai gida.

Yankin da aka ba mu ƙananan hukumomi huɗu ne: Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Wanda bai san kudancin Kano ba zai ɗauka ƙasa ɗaya ce, alhali kowace da lokacin da kuɗi suke shiga hannun mutanenta. A Bebeji akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ruwanta yana shayar da gonakin rani har zuwa Kadawa da Kura. Manomin da ke kusa da ruwa yana iya ganin kuɗi sau biyu a shekara. Tudun Wada shinkafa ce ƙashin bayanta. Doguwa kuwa, can wajen dajin Falgore, ta fi ko'ina a jihar samun ruwan sama, masara ce babbar dukiyarta, kuma mafi yawan manomanta sau ɗaya suke riƙe kuɗi masu kauri, da kaka. Dilan da ka ba kaya bashi a can cikin watan Yuni shi ma bashi zai ba manomi, manomi kuma masararsa yake jira. Idan masara ta yi tuntuɓe, kowa a layin nan ya faɗi, har kai da ke zaune a Ƙafin Maiyaki.

Duk wannan na san shi a baki. Amma tsarin biyanmu bai san shi ba. Ana lissafa kamashon mutum ne ranar da kaya suka bar sito, dila ya sa hannu a takarda. Ko kuɗi sun dawo, ko ba su dawo ba, wannan matsalar wani ofishi ce, a wani watan.

Wanda ke riƙe da Tudun Wada da Doguwa saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi iya ciniki ba. Ya iya gaisuwa, ya iya zama a kan benci ya sha shayi da mai shago, ya san sunan 'ya'yan kowa. Idan dila ya ce katan ashirin yake so, ba zai tashi ba sai ya bar masa hamsin, da alkawarin cewa biya sai kaka. Sunansa bai taɓa sauka daga saman allo ba. A ƙasan allon kuma kullum akwai wani dattijo, tsohon malamin gona da ya shekara da yawa yana zaga ƙauyukan Kiru da Bebeji kafin ya shigo kamfani. Malam muke ce masa. Shi idan dila ya nemi hamsin, sai ya ba shi goma sha biyar ya ce idan sun ƙare zai ƙaro. Akwai shaguna biyu ko uku da ya ƙi ba su kaya sam, ya ce ya san iyayen masu su, ya kuma san yadda suka rabu da kamfanin da ya riga mu. Ni a lokacin taurin kai na ɗauki wannan, da rashin zafin nama irin na tsufa.

Wata Litinin cikin watan Yuli, bayan na karanta jerin sunaye, Malam ya ɗan gyara murya ya ce, "Manaja, akwai abin da na gani. Kayanmu ne a kasuwar Kwanar Dangora, ana sayar da su ƙasa da kuɗin da muke ba dila."

Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ma'anar haka. Dilan da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfin shagonsa, kuma ba a nemi ko sisi a hannunsa ba, yakan kwashi rabi ya kai wata kasuwa ya karya farashi, ya karɓi kuɗi a hannu ya zuba su a takin zamani ko wani abin da ya fi saurin juyawa. Mun zama bankinsa, ba tare da mun sani ba. Kayan da ya zubar kuma sukan dawo su kashe kasuwar dilolinmu na gaskiya, waɗanda suka biya cikakken kuɗi. Malam ya ƙara da magana ta biyu. Ya ce manoma sun daina tambayar maganin ciyawa, abin da suke nema shi ne maganin wata tsutsa da ke shiga ƙoƙon masara ta cinye ta daga ciki. Ita ce baƙuwar tsutsar nan da aka fara gani a Najeriya a 2016, wadda ta bazu a gonakin Arewa a daminar da ta biyo baya. Ya ce da za mu rage tura maganin ciyawa mu nemi na tsutsa, da mun taimaki manomi mun kuma taimaki kanmu.

Na dubi allo, na dubi Malam. Wanda ya zo na shida yana sukar kasuwar wanda ya zo na ɗaya; me za a kira wannan in ba hassada ba? Na ce masa, a gaban yaran da ya haifi wasunsu, "Malam, kowa ya ji da yankinsa." Ya ce, "To, Manaja." Bai sake tayar da maganar ba.

Da kaka ta zo, manoma da yawa sun girbe ƙasa da abin da suka sa rai. Diloli suka fara kashe waya. Da na zauna bin takardu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga mafi yawan bashin da ya maƙale daga hannun gwarzonmu ya fita, yayin da kusan duk abin da Malam ya bayar ya dawo. Asarar ta yi ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi ta. Direbanmu ya gaya mini cewa tun cikin damina yakan sauke sabon kaya a wani shago ya hangi na baya a jibge a ƙuryar ɗaki, ko buɗe su ba a yi ba. Mai kula da sito ya ce ya daɗe da lura cewa odar wasu diloli ta fi ƙarfin ƙauyukansu. Kowa ya sani, ni ne na ƙarshen ji. Na tambayi direban me ya hana su faɗa mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mun ga yadda aka yi da Malam."

Abin kunyar shi ne ilimin da na rasa ba shi da nisa da sitonmu. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Kano zuwa Salaga, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, yakan shafe watanni a hanya, kuma ba tarin jarumai ba ne kowa na gabansa. Akwai madugu, uban tafiya, mai yanke hukunci. Akwai uban dawaki, mai tattara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai kuma jagaba, wanda ke wucewa gaba ya dubo hanya: ko kogi ya cika, ko akwai 'yan fashi a dajin da ke tafe, ko zangon da aka saba sauka ya tashi. A duba aikin jagaba da kyau. Ranar da hanya take lafiya, da shi da babu shi duk ɗaya ne. Amfaninsa gaba ɗaya yana cikin ranar da ya dawo da labarin da ba wanda yake son ji. Madugun da ya saba ɓata rai idan jagaba ya ce a dakata, ba da daɗewa ba zai sami jagaba mai cewa hanya lafiya lau, sai kuma a tarar da kogin a cike.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu zuwa masaƙun Ingila. Daga 1912 sai gyaɗa ta mamaye tasha. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, don haka suka jingina da tsofaffin fataken goro, masu yara a kowace kusurwa. Su ne suka riƙa karɓar kuɗi su raba wa yaransu, yaran su shiga karkara su ba da kafin alƙalami, su tattaro amfani da kaka. Ɗantata ya zama babba a cikin masu sayen gyaɗa ga kamfanin Neja, daga baya UAC, kuma ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya. Mutane sun fi son labarin raƙuman. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kuɗi suke fita daga hannun mutum ɗaya a Kano, su ratsa hannaye da dama zuwa ƙauyen da ba waya ba mota, su kuma dawo a matsayin buhunan gyaɗa. Wannan ba ya yiwuwa sai kowane yaro ya san wa za a ba, wa za a hana, kuma yana iya gaya wa mai gidansa tun da wuri cewa bana wancan gari ba zai cika alkawari ba.

Haka wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya tarar a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960. Shanun da ake kaiwa daga Arewa bashi ake sayar da su ga mahauta Yarbawa, kuma mai gidan da baƙo ya sauka wajensa shi ne ke tsaya masa: idan mahauci ya ƙi biya, asarar a wuyan mai gida take. Saboda haka dillalin da ke ƙarƙashinsa ba a auna shi da yawan shanun da ya rabu da su a yini. Darajarsa tana cikin sanin wane mahauci ne ya biya na makon jiya, wane ne bashi ya fara yi wa katutu. La'adarsa da mutuncin gidan a igiya ɗaya suke ɗaure. Mu kuwa mun kwance igiyar, muka ba mutum ladan fitar da kaya muka ɗauke masa nauyin dawowar kuɗi. Na daɗe ina jin haushin saurayin nan, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da muka ce za mu biya shi a kai, shi ya yi, ya kuma yi shi fiye da kowa.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙananan kamfanoni ne. A watan Satumba na 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusun ajiya da katunan bashi kimanin miliyan 2 ba da sanin masu su ba, don su cika adadin da ake yanka musu. An sallami ma'aikata kusan 5,300 a kan haka, kuma wasu tsofaffin ma'aikatan sun ce da suka kai ƙorafi sama, su aka fara kora. A wani ɓangaren, Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazari a asibitoci cikin shekarun 1990, tana tsammanin rukunin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana cewa su suna faɗar nasu ne, sauran kuma suna binnewa. Da na karanta wannan, direbanmu na tuna.

A shekarar da ta biyo baya na sami izinin sauya wasu abubuwa, bayan doguwar jayayya da hedikwata. Muka raba kamasho biyu: ƙaramin kaso ranar da kaya suka fita, babban ranar da kuɗi suka shigo. Muka ware wani ɗan kaso da ba a raba shi sai bashin tawaga gaba ɗaya ya sauka ƙasa da wani mizani, don kada mutumin Kiru ya ga ɓarna a Doguwa ya ce ba ruwansa. Duk dilan da za a ba kaya masu yawa bashi, sai mutum biyu sun je shagonsa sun leƙa har ƙuryar ɗaki. Kowane bashi kuma a rubuce, da ranar biya da shaida. Wasu diloli suka ce mun raina amanarsu, sai Malam ya tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Direba da mai kula da sito suka fara zama a taron Litinin. Allon kuwa na bar shi a bango, amma abin da ake rubutawa ya zama kuɗin da suka dawo.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, takarda ce da sa hannu. Mai wuyar ita ce kunya. An raine mu a kan cewa yaro ba ya musa wa babba, ba a kuma tarar shugaba da baƙin labari da sassafe. Mafi muni, wanda ya faɗi abin da ya gani a yankin abokin aikinsa yana tsoron a sa masa sunan magulmaci, sunan da ba ya wankuwa. Ba ni da niyyar rushe kunya, domin ita ce ke hana mai sayarwa cin fuskar manomi, ita ce kuma ke sa dila ya biya don kada a ji a masallaci. Abin da na yi ƙoƙarin yi shi ne raba gulma da rahoto ta hanyar wuri da lokaci: abin da aka faɗa a taro, a gaban mai yankin, da nufin a ceci kuɗin kowa, rahoto ne, abin da aka biyo ni da shi a bayan sito ba na saurara. Na kuma sa wa kaina doka cewa ni zan fara, in faɗi kuskuren da na yi a makon kafin in tambayi na kowa. Makonnin farko na sha wuya. Wanzami ba ya son jarfa.

Sai da muka biya farashi. Adadin kayan da muke fitarwa ya faɗi a daminar farko, aka kira ni aka tambaye ni ko mun yi barci ne, kuma ba wanda ya kira da kaka don ya ce ya ga kuɗi sun shigo. Gwarzonmu ya duba sabon lissafi ya ga ba zai kai abin da ya saba samu ba, ya koma wani kamfani. Na ji takaici, domin da an ɗora shi a kan tsari mai kyau tun farko da ba a yi kamarsa ba. Kason tarayya kuma yana da nasa lahani: akwai wanda ya lafe a inuwar ƙoƙarin wasu har sai da na zauna da shi.

Akwai wani abu guda da har yau ban iya magancewa ba. Yaron tsohon mai gida yana haƙuri da ɗan abin da ake ba shi ne saboda ya san ƙarshen hanya: za a yi masa aure, wata rana a sallame shi da jari, ya buɗe nasa, ya ci gaba da saye a gidan da ya tashi. Dilan da ya kula da shi yau, gobe nasa ne. Ma'aikacin kamfani ba shi da wannan. Kwantiraginsa na shekara ne, ana iya ɗauke shi daga Doguwa a jefa shi wata jiha da saƙon waya ɗaya. Muna neman ya yi tunanin shekara goma, mu kuma ba mu yi masa alkawarin wata goma sha uku ba. Na rubuta wa hedikwata sau biyu cewa duk wanda ya shekara bakwai da tsabtataccen littafi a ba shi damar zama dila da kayan farawa. Amsa ba ta zo ba tukuna.

Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya ninka, sai na yanke shawarar rage zuwa ƙauyukan da ke nesa da kwalta, in mayar da su ciniki ta waya. Na yi lissafina, na gamsu da shi. Mako uku bayan haka, a taron Litinin, ƙaramin cikinmu, yaron da bai cika shekara da fara aiki ba, ya ɗaga hannu yana kallon ƙasa. Ya ce, "Yallaɓai, a yi mini afuwa. Tsarin nan na waya bai yi ba. Shaguna uku a wajen Riruwai sun fara ɗaukar kayan wasu, sun ce wanda ba ya zuwa gaisuwa ba shi da kaya a wajensu."

Na ji fuskata tana ɗaurewa, na ji amsa ta taso mini har maƙogwaro. Da na ɗaga ido sai na ga ba wanda ke kallon yaron. Direba, mai sito, da Malam can a kujerar ƙarshe da carbinsa, duk ni suke kallo. Na jawo littafi na ce masa, "Wane shago da wane shago?"